Zobe Biyu a Faranti

A nan birninmu na Niigata, in an yi wa mutum tiyata, likita kan kira iyalinsa ɗaki ya nuna musu abin da ya ciro. To, ranar da aka cire wa mijina Shigeharu tumbinsa saboda ciwon daji, ni aka kira. Duk rayuwata kifi nake feɗewa a kasuwa, jini ba ya ba ni tsoro. Tsorona ɗaya ne: kada inda aka haɗa hanjinsa da maƙoshi ya yi yoyo, don an gaya mana shi ke kashe mutum.

Likita Kuwabara, mace ce 'yar siririya, ko hular aiki ba ta cire ba. Ta rusuna, ta buɗe wani faranti da ta shigo da shi. Ga tumbin nan. A gefe kuma ga wasu ƙananan zobban nama guda biyu kamar yankan albasa.

"Mama, na'urar da ke ɗinkewa da ƙusoshi ita ke fitar da waɗannan. In zoben ya fito cikakke, ɗinki ya kama. Duba wannan."

Na duba. A yage yake.

"Naman wurin ya kumbura, ƙusoshin da na zaɓa suka yi masa gajarta, suka murƙushe shi. Na yanke wurin, na sake da masu tsawo. Ga na biyun." Wannan kam cif, ba ko tsaga.

Na ce, "'Yar nan, da kin jefar da na farkon, wa zai sani?"

"Hanjinsa zai sani. Ke ma gara ki sani. In ya yi zazzaɓi, ko kaɗan ne, ki tashe ni."

Kwanakin nan kam tafin hannuna bai bar goshinsa ba. Har ya ce, "Ke tsohuwa, kifi kike tayawa ne? Sai latsa ni kike!"

"Rufe baki, da kifi ne kai da tuni na mayar wa mai shi."

Zazzaɓin bai zo ba. Da aka ba shi ruwan gwaji aka ɗauki hoto, ko ɗigo bai fita ta ɗinkin ba. Likita da kanta ta tsaya a kansa da aka kawo kunun shinkafa. Ya kurɓa, ya haɗiye, muka zuba masa ido.

Ya ɓata fuska ya ce, "Likita, a asibitin nan ba ku san gishiri ba ne?"