Kekuna Uku a Rumfar Mailafiya

Shekara talatin da biyu Malam Muntaka ya yi yana aikin malamin dabbobi a ƙasar Jahun, kuma rabinsu a kan keke ya yi su, daga wannan ruga zuwa waccan, da akwatin allura ɗaure a baya. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi wata huɗu. Allah ya kawo sauƙi, ƙafa ta dawo, baki ya daidaita, likita ya ce ya riƙa motsa jiki, in ma zai iya hawa keke to ya hau a hankali.

Wannan magana autansa Mujahid ya riƙe. Mujahid ma'aikaci ne a Dutse, yana kuma cikin masu fita da kekunan tsere duk Asabar da safe. Wata Lahadi ya ɗauko mahaifinsa daga Jahun, ya kai shi rumfar Mailafiya a Dutse, wani mai sayar da kekunan gwanjo da gyaransu.

Mailafiya ya gaida dattijon har ƙasa, ya fito da kekuna uku ya jingina su da bango: ja, fari da kore. Dukansu sirara ne, kawunansu a lanƙwashe kamar ƙahon rago.

"To ina bambancinsu?" in ji Malam Muntaka. "Ni fenti kawai na gani."

"Ɗaga su ka ji, Baffa," in ji Mujahid.

Dattijon ya ɗaga koren, ya ji ƙarfe sosai. Ya ɗaga farin, ya gyaɗa kai. Da ya zo kan jan sai ya yi sama da shi da hannu ɗaya, har ya yi dariya. "Wannan ai ɗan tinkiya haihuwar yau ya fi shi nauyi!"

Daɗi ya kama Mujahid, don dama jan yake so. Sau uku yana zuwa duba shi a makon nan. A ganinsa mutumin da ya sha jinya bai kamata ya yi ta fama da nauyi ba.

Akwai wani layi mai kwalta a bayan rumfar, ba motoci sosai. Malam Muntaka ya naɗe ƙafar wandonsa, ya fara da koren. Ya je ya dawo, ya ce yana da daɗin zama, ramuka ma ba ya jin su, amma ɗan hawan nan na ƙarshen layi ya sa shi haki. Sai ya hau jan. Taka feda biyu kawai, keken ya ɗiba da shi kamar an hankaɗa shi. Mujahid na ganin rigarsa ta cika da iska, yana kuma jin muryarsa yana cewa, "Kai! Kai!" cikin murna.

A dawowa ne wata akuya ta tsallaka titi. Kan keken ya yi dama, ya yi hagu, bai kuma tsaya ba. Mujahid bai san lokacin da ya zubar da takalmansa ba. Ya tare keken da ƙirjinsa, ya rungume mahaifinsa, suka tsaya cak su biyu suna numfashi.

A nan idonsa ya faɗa kan hannun hagun dattijon. Yatsun suna kan birki, sun kasa matsawa. Sai yanzu ya gane dalilin da ya sa wata da watanni hannun nan ba ya fita daga aljihu in ana zaune.

"Tun yaushe, Baffa?" ya tambaya a hankali.

"Tun asibiti. Yatsu uku ne ba sa jin magana." Ya kawar da kai. "Kada ka gaya wa Innarka. Ta sha wahala da ni ya isa. Mu tafi gida, keke ya wuce ni."

Mujahid ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, shi da ya yi mako yana lissafin nauyin keke bai taɓa duban hannun mai hawa ba.

Mailafiya ya ƙaraso riƙe da takalman Mujahid. Ya miƙa wa dattijon hannunsa mai baƙin mai. "Baba, matsa nan iya ƙarfinka. Yauwa. Yanzu da na dama." Ya saki hannun, ya dubi kekunan. "Keke bai wuce ka ba, wannan jan ne bai dace da kai ba. Kansa rawa gare shi, ko tari ka yi sai ya juya. Farin ya fi shi tsawo, tayarsa ta fi faɗi, ba ya firgita. Ku ba ni sa'a ɗaya."

Suka zauna a benci ƙarƙashin darbejiya suna kallonsa. Ya ɗaga kan farin sama don kada dattijon ya riƙa duƙawa yana ɗora nauyinsa a hannu. Ya sauya wayoyin birki, ya mayar da mai ƙarfin zuwa dama, ya sassauta na hagun yadda yatsa biyu ma za su ja shi. Ya naɗe mariƙin da roba mai taushi ninki biyu. Duk wannan lokaci Mujahid na riƙe da hannun hagun mahaifinsa a cinyarsa yana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, dattijon kuma bai janye ba.

Da aka gama, Malam Muntaka ya yi bisimilla ya hau. Farin bai tashi da gudu kamar jan ba, amma ya miƙe sak. Ya kai ƙarshen layi, ya haye hawan ba haki, ya juya a natse. Da ya iso gabansu ya ja birki, keken ya tsaya daidai ƙafar Mujahid.

"Wannan yana jin magana," in ji dattijon. Ya sake komawa, sau huɗu, sai da aka kira la'asar.

Sun isa Jahun kafin magariba, keken a bayan mota. Inna Rabi'atu, matar Malam Muntaka, ta zagaya shi a tsakar gida tana taɓa sirdin. Da dattijon ya shiga ɗaki sai ta ja Mujahid gefe.

"Hannun fa? Zai iya riƙe birki da shi?"

Mujahid ya buɗe baki. "Inna, ashe kin sani?"

"Ni da nake zuba masa ruwan alwala? Bai so in sani ba, shi ya sa na bar shi. Kai ma kada ka ce masa komai."

Yatsun nan uku ba su dawo duka ba har yau. Amma kullum bayan ya karya kumallo Malam Muntaka yana fita da farin kekensa, ranar kasuwa kuma har kara, wurin sayar da dabbobi, yake zuwa, ya jingina shi ya shiga cikin shanu, makiyaya na kiransa ya duba musu bakin maraƙi ko kofaton saniya.