Lungun da Auta Ta Goge

Yaya ko sallama bai yi ba. Ya banko ƙofar ofis, takalmansa na roba suna ɗiga a kan tayil, ƙarnin kifi ya cika ɗakin.

Auta, ƙanwarsa, ta san abin da ya kawo shi. Aikinta bin sawun zafin saman ruwan tafki ta hotunan tauraron ɗan'adam na shekara da shekaru. A taswirar da ke kan kwamfutarta tafkin duk ya ɗumama, amma lungun da Yaya yake kiwon kifi a keji ya yi ja wur. In rahoton ya je hukuma a haka, tashinsa za a yi daga wurin.

"Ke ce mai leƙen ruwana daga sama?" in ji shi. "Yau da safe na tsoma hannu, sanyi ƙalau!"

"Yaya, ba a jinsa da hannu. Kaɗan-kaɗan yake ƙaruwa kowace shekara, kuma wurinka ya fi..."

"Rufe min baki! Da kifin nan aka yi miki karatu. Kin ƙoshi, shi ne za ki kife kwanon?"

Ya fita ya bar ƙofa a wangale, abokan aikinta kowa ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Kunya da haushi suka kama ta.

To, a aikinsu akan yanke ruwan da ke dab da gaɓa daga lissafi, saboda zafin ƙasa yana ɓata awo. Faɗin abin da za a yanke kuwa, mai aikin ke zaɓa. Auta ta ƙara faɗin kaɗan, ta sake ƙarawa, har lungun Yaya ya zama toka-toka, wato babu bayani. Ba ta rubuta ƙarya ko ɗaya ba, da wannan ta lallashi kanta. Rahoto ya wuce. Yaya ko godiya babu, sai ma ya ƙara keji ya zuba sabon iri, yana gaya wa mutane ya taka wa 'yar boko burki.

Da zafi ya tsananta, iska ta ɗauke kwana da kwanaki, sai kifin ya fara tasowa. Auta ta same shi a bakin ruwa yana kwasar mushe da komar kamun kifi, fararen cikuna sun rufe keji.

"Kin ga wannan zai faru?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Na gani."

"Kika goge."

"Kai fa ka zo har ofis ka..."

Ya jefar da komar, idonsa jajir. "Ni na yi karatun? Ni ihu kawai na iya! Ke da kika sani, ihuna ne zai sanyaya ruwa?"



"Da kin bari sun tashe ni," ya ce, muryarsa ta dushe, "da yanzu ina zaginki, kifina yana da rai."