Rantsuwar Inna Barakatu

Tun da suka fito daga asibiti a Ƙauran Namoda Gado yake yabon miyar Inna Barakatu, kuma yabon ne ya fara damun Zubaida, don ba ta taɓa jin mijinta ya yabi abinci ba sai yau.

Likita ta sake maimaita musu abin da ta faɗa a watan jiya. Jikin jaririnsu Khalil ba ya karɓar nonon shanu da waken suya, kuma duk abin da uwa ta ci yana bin ruwan nononta ya isa cikin yaron. Zubaida ba ta buƙatar tuni. Ita ta riƙe shi ranar da ta sha fura da nono a gidan suna, ya wuni yana miƙewa yana ihu, kumatunsa suka feso da ƙuraje, kashinsa ya fito da jini. Tun daga ranar, ita da aka haifa a ruga kusa da Katuru, ta daina kallon ƙwaryar nono. Dangin Gado kuwa suka yanke hukunci cewa iyayi ne irin na matan da suka fara zuwa asibiti.

Gidan abincin yana bayan tashar motocin Shinkafi, rumfar kwano da bencina da fanka mai kaɗa ƙudaje. Inna Barakatu ƙanwar uwar Gado ce. Ta karɓi yaron ta ɗaga shi sama.

"Wanga na angon da ba ya son shanu? Jikan Hillani guda! Kakanninka su ji, su mutu da kunya."

Aka yi dariya. Zubaida ma ta yi, daidai gwargwadon abin da ladabi ya nema. Ta lura Gado bai zauna ba. Ya bi innarsa bayan labule inda tukwane suke, suka jima, muryoyinsu ƙasa-ƙasa, ya fito yana duba wayar da ba ta yi ƙara ba.

Yunwa ta gaske take ji. Rabonta da abinci tun asuba, nonon ma ya fara ja baya, yaron ya tsotsa ya saki ya yi tsaki irin na jarirai. Sai ga tuwon dawa da miyar kuka, da tsokar nama biyu a sama, Inna ta kawo da hannunta.

"Ci, ɗiyata. Taki daban na ɗebe."

"Inna, ki yi haƙuri, kin san lalurar yaron..."

"Na sani, an gaya min, an sake gaya min. Wallahi tallahi babu nono ciki, babu madara, babu awara. Wa ke sa awara cikin miya in ba mahaukaci ba?"

Rantsuwa ce cikakkiya, kuma Inna ba ta rantsuwa a kan ƙarya, kowa ya shaida. Amma Zubaida ta ji yadda aka jero abubuwan ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, kamar mai taka duwatsu a rafi tana kauce wa wani. Ta dubi kwanon. Saman miyar ba maiƙo, an juya ta sosai, fiye da yadda mai sayar da abinci ke da lokacin juyawa. Yaji ya yi yawa har yana hawa ido. Ta dubi Gado. Ya kai loma baki, idonsa na kan hannunta.

Ta gutsuri tuwo, ta nutsa shi har gindin kwano, ta ɗago ta shinshina. A ƙarƙashin yajin da daddawar akwai ƙanshin da ta tashi a cikinsa.

"Inna, man shanu fa?"

"Man shanu ai mai ne."

"Akwai shi?"

Inna ta gyara ɗaurin zane. "Ɗan kan cokali. Ko kyanwa ba ta ji shi. Haka aka saba ma yaro, kaɗan-kaɗan. Mu da munka yi goyon tara ba mu san wani likita ba."

"Kai ka ce a sa?" Zubaida ta tambayi mijinta, ba ta ɗaga murya ba.

Gado ya haɗiye lomarsa da ƙyar. "Gwadawa ce kawai. In kin ci ba ki sani ba, kuma bai yi komai ba, kin ga sai hankalin kowa shi kwanta."

"In ya yi fa?"

Inna ce ta amsa, ta ce Allah na nan.

Zubaida ta ajiye lomar a gefen kwano. Ta wanke hannu da sabulu har wuyan hannu, ta sake wankewa, don da shi za ta kama nono ta ba yaron. Ta karɓi Khalil ta goya, ta yi wa Inna godiya yadda ake yi wa manya, ta fita.

A bakin tasha ta sayi ayaba da dafaffen ƙwai, ta jujjuya kowanne ta tabbatar ɓawonsa bai fashe ba. Tana cikin ci a inuwar mota Gado ya iso, riƙe da tsire a takarda.

"Wanga nama ne zalla, a gabana anka gasa shi. Wallahi."

Ta dubi takardar, ta dubi mai riƙe da ita.

"Ci abinka, Malam," ta ce, ta ɓare wata ayabar da hannunta.