Ranar da Barau Ya Ƙi Kaɗa Wa Iska

Shekara tara rabon da a kira Barau kiɗan gayya, sai bana wani manomi, Maman Lawali, ya aika Tibiri a ɗauko shi. Ya shafa wa gangarsa mai, ya hau kabu-kabu zuwa Jiratawa, yana ta tuna da. A wancan zamani in ya buga taken manomi sai ƙato ya yi kirari, galma arba'in su sauka tare kamar hannu guda. Rana na yin tsaka mata su kawo fura, a baje ƙarƙashin gawo ana tsiya da dariya.

Samarin yau ba su bi gangar ba. Tun da safe ya ga suna ɓare ƙwayar tramol suna jefawa cikin kofi. Kowa na sara son ransa, ba kirari. Wada, autan Maman Lawali, shi ne a gaba, ko furar bai tsaya sha ba.

"Baba Barau, gangarka ta tsufa, ba ta iya kamo ni!" ya ce yana dariya.

"To, ɗana," in ji Barau.

Wada bai kai ƙarshen kunyar ba ya faɗi. Jiki ya sandare, ya kama jijjiga, kumfa na fita a baki.

Tasalla, kakarsa, ta yar da ƙwarya. "Iska ce ta hau shi! Barau, kaɗa mata ta sauka!"

Barau ya ɗaga hannu, sai hannun ya tsaya. Haka ƙanensa Jibo ya faɗi a gonarsu, haka aka ce iska ce, shi kuma ya kaɗa har la'asar. Sai wajen wankan gawa aka ga ɓawon ƙwaya cike da aljihu. Daga baya wani likita ya gaya masa in ta yi yawa farfaɗiya take kawowa, ta danne numfashi.

Ya ajiye gangar, ya kwantar da Wada a gefe guda, ya ture mai shirin ɗura masa ruwa. Ya laluba aljihun Wada, ya miƙa wa uban ƙwayar da ya samu.

"Ga iskar nan, Maman. Kira mai babur."

"Kai da ka kaɗa wa uwata bori, yau ni za ka ƙi?" in ji Tasalla.

"Na kaɗa wa Jibo ma, Inna."

Ta duƙa ta ɗauki ƙwaryarta.

Jijjigar na lafawa suka sa Wada tsakiya a kan babur, Barau na riƙe da kansa har asibitin Maraɗi.

Bayan kwana uku Wada ya samu kansa. Tasalla ce ta kawo gangar, naɗe cikin zane.

"Baba," in ji Wada, murya ƙasa-ƙasa, "wai da gaske kowa na da takensa a da?"

Barau bai kwance zanen ba. Da yatsu biyu ya buga masa taken ubansa a ƙarfen gado, a hankali.