Hatimi a Kan Rahoton Rijiya

Al'amarin ya fara ne ranar Litinin, saura kwana uku a zauna kotu. Malama, wadda ta shekara tara tana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje, ta ɗauko kwafin rahotonta domin ta shirya ba da shaida. Ita ce ta gwada ruwan rijiyoyin da ke bayan masana'antar batir, ta sami gubar dalma ninki shida na abin da doka ta yarda. Da wannan rahoto iyayen yaran da suka kwanta ciwo suka kai ƙara.

A saman takardar akwai hatimin hukumar da ke tantance ɗakunan gwaji. Ta buɗe jerin gwaje-gwajen da hukumar ta amince musu, ta bi shi da yatsa har sau biyu. Akwai gwajin dalma a abinci, akwai na dalma a ƙasa. Babu na ruwa. Sakatare ne ya buga hatimin bisa sabo, ita kuma ta sa hannu ba ta duba ba.

Ta kai maganar wurin Daraktan ɗakin gwajin, ya saurare ta yana juya cokali a kofin shayi. Ya ce na'urar gwajin ba ta iya karatu ba, ballantana ta san abin da ke cikin jerin, kuma dalmar da ta gani ba ta ƙarya ba ce. Malama ta amsa cewa ba ta shakkar sakamakon. Hatimin ne ke faɗa wa alƙali an tantance hanyar gwajin, alhali ba a yi ba.

"Malama, in ba a tambaye ki ba, me zai sa ki tono shi?"

Lauyan iyayen bai yi wasa ba da ta kira shi. Ya ce idan maganar ta fito, ɗaya ɓangaren zai nemi a yi watsi da rahoton, kuma masana'antar ta riga ta yashe rijiyoyin. Ta ce akwai ragowar ruwan a firji, kwalba huɗu a rufe, ana iya kai su inda aka amince da gwajin. Ya ce ba lallai alƙali ya jira ba.

Ta yi sallar Azahar a ɗan lungun da ke bayan ma'ajiya, ta daɗe a zaune. Ranar Alhamis za a miƙo mata Alƙur'ani ta rantse.

Ta koma ofishin Darakta, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, yau zan aika da kwalaben. Maganar hatimin kuma ni zan fara faɗa wa alƙali."