Silikin Maman Ernest

A Makera, idan ana hirar teloli, sai an kai ga Malam Dalhatu. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa kan ce kwalar da ya ɗinka ko jaki ya taka ta ba ta kwanciya. Sani mai aikin surfani, maƙwabcin shagonsa, cewa yake da za a ba Malam dama, har likkafani sai ya sa wa gam.

Gam ɗin nan, farin ƙyalle mai danƙo da ake manna wa bayan yadi da dutsen guga don ya tsaya, shi ya riƙe Malam duk zamanin soja, lokacin kaki da safari. Da mulki ya koma hannun farar hula, sai kaya masu santsi suka cika gari.

A lokacin ne Judith, wadda ake kira Maman Ernest, ta zo daga Romi da siliki ruwan ganye. Marigayiya yayarta ce ta bar mata. Ɗanta Ernest ya ci kansila, za a yi sujadar godiya a coci ranar Lahadi.

"Baba Tela, riga mai shafi nake so. Ka lallaɓa shi, ba shi da ɗan'uwa."

Ya yanka, yadin ya ƙare cif. Ya ɗinka shafin, ya ɗaga rigar, sai ya ga wuyan ya langaɓe kamar ganyen alayyafo a rana. Zuciyarsa ta ƙi, sai ya ɗauko gam.

"Shafi ya ishe shi," in ji Sani. "Siliki ruwa ne, ba a tsayar da ruwa."

"Wuyan da bai tsaya ba sunana ne ya kwanta."

Ba wuta a unguwar, sai ya hura dutsen gawayi, ya danna yadda ya saba danna kaki. Da ya ɗaga, danƙon ya ɓullo ta fuskar silikin, gaban rigar ya yi ƙuraje da baƙin tabo tun daga wuya har ƙirji.

Ya gwada ɓarewa, zare ya biyo gam ɗin. Ya kara a tururin tukunya, tabon ya ƙara faɗi. Ya haye gada da ɗan ƙyallen a aljihu, ya zaga kasuwa rumfa rumfa yana neman irinsa, kowa ya duba sai ya girgiza kai. Ranar Alhamis da Maman Ernest ta leƙo, ya ce saura maɓallai. Ta yi dariya ta tafi.

Ranar Asabar ta dawo da sabon ɗankwali a leda, wai a gani ko zai shiga da rigar. Sani ya sunkuyar da kai kan kekensa. Malam ya daɗe yana gyara almakashi a kan tebur, kafin ya ciro rigar ya shimfiɗa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta sa yatsa ta bi tabon a hankali.

"Yaya ba ta taɓa sa shi ba," ta ce. "Kullum sai ta ce sai ranar farin ciki."

Ya so ya ambaci rashin wuta, ya so ya ce silikin ya tsufa. Amma sai ya ɗago kai ya dube ta.

"An hana ni, ban ji ba," ya ce. "Ba ni da yadda zan gyara shi. Maman Ernest, ki yafe mini."