Adakar Nasrullahi

Shekarar da aka yanko Jihar Kebbi, aka maido Maliki daga Sakkwato zuwa sakatariyar Birnin Kebbi. Ya kama hayar ciki biyu a Badariya, matarsa Jannatu kuwa ta roƙe shi su ɗauko mahaifiyarta daga Argungu, don idanun tsohuwar sun fara dushewa.

Inna Baiwa ta yarda, amma da sharaɗin adakarta za ta riga ta shiga mota. Adakar ƙarfe ce, cike da kayan ɗanta Nasrullahi, wanda gulbi ya ci tun yana yaro: allonsa, rigar sallarsa, takalman roba, da 'yar homar kamun kifi da ubansa ya saƙa masa. Jannatu ce ta aike shi wanko tukunya a bakin ruwa ran da abin ya faru. Inna ba ta taɓa furta cewa laifinta ne ba. Sai dai kowace Juma'a ita take sawa ta fito da kayan, ta shanya, ta ninke, ta zuba kafur, tsohuwa na zaune tana gyara mata ninki.

Jannatu ma tana da nata ajiyar. Haihuwa ɗaya ta yi, yaron, Nu'uman, bai kai yaye ba ƙyanda ta ɗauke shi. Abin da ya rage mata majanyin saƙi ne da take goya shi da shi. Ba ta wanke shi ba tun ranar. Yana can ƙarƙashin kwallarta, ba ta nuna wa kowa.

Wata rana ta dawo daga kasuwar Nasarawa ta tarar da Inna a tsakar gida da almakashi. Ta yayyanka majanyin gida-gida, tana naɗe takalman Nasrullahi da shi, wai kada roba ta manne da riga.

"Inna, mi kika yi haka? Majanyin Nu'uman na hwa."

"Na san ko na wa na," in ji tsohuwar, ba ta ɗago ba. "Jinjirin da bai ko kira ki inna ba, mi za ki tuna nai? Nawa ya girma, ya yi magana, har aike ana yi mai."

Jannatu ta tsince zaren da ya zube, ta shiga ta ɗora tukunya. Da Maliki ya dawo ya ce ta yi haƙuri, tsufa ne.

Kafin damina ta faɗi, ganin Inna ya tafi gaba ɗaya. Shanya ta gagara saboda ruwa, sai ta riƙa tambaya daga kan gado ko an duba adaka, Jannatu ta ce an duba. Alhali kwanon ɗakin yana yoyo daidai kusurwar da adakar take, murfinta kuma ya yi tsatsa ya huje. Jannatu ta ga ɗigon tun ruwan farko. Tana share ɗakin kullum, tana kewaye wurin da tsintsiya. Da gara ta fara gini a jikin bango ta gangaro, ita ma ta gan ta.

Bayan an yanke shinkafa, rana ta buɗe, Inna ta ce a jawo mata adaka. Ta zura hannu. Rigar ta narke a yatsunta kamar jiƙaƙƙen gari, homar ta zama ƙasa, allon ya rabe biyu. Ta daɗe tana lalube a ciki.

"Jannatu, kin gani?"

"Na gani, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun ruwan hwari."

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Daga ranar ta daina cin abin da Jannatu ta dafa, sai wanda maƙwabciyarsu Riskuwa ta miƙo ta katanga. Da ta rame, Maliki ya ji tsoron bakin mutane, ya mayar da ita Argungu gidan ƙanenta Tamba.

Can ta rasu cikin azumi. Da ciwo ya tsananta an tambaye ta ko a aika Birnin Kebbi a kira ɗiyarta, ta ce a bar ta, tana da aiki. Jannatu ta iso bayan an dawo daga maƙabarta. Ta zauna cikin mata tana karɓar gaisuwa, suna ta yaba mata yadda ta riƙe uwarta.